Babi na 6: Faifan da Ba Faifai Ba

Sarakunan Damagaram suna da masu riƙe musu tarihi. Akwai maroƙa da makaɗa, akwai malaman fada, akwai kuma littattafan da masana irin su André Salifou suka rubuta. Shi ya sa har gobe ake iya ba da labarin yadda Sarki Tanimu ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa maƙera suka ƙera masa igwa, da yadda Faransawa suka ci garin a 1899, suka mai da shi hedkwata kafin su kwashe ta zuwa Yamai a 1926. Mutumin Kara-Kara ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Unguwarsa tana gefen gari a tsakanin duwatsu, asalinta wurin da aka keɓe masu cutar kuturta ne da waɗanda gari ya juya wa baya, kuma mutanen waje ba su san sunanta sosai ba sai da Aicha Macky, 'yar garin, ta fitar da fim ɗinta mai suna Zinder a 2021. Mai fasa dutse, da ɗan kabu-kabu, da mai sayar da fetur a kwalba, in ka tambayi ɗayansu ina tarihin gidansu, aljihu zai laluba. Yana cikin waya, a kan ɗan katin memori.

A kan katin nan ake samun hotunan suna da na ɗaurin aure, da muryar ɗan'uwan da ya aiko saƙo daga Agadas ko Libiya daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba, da hoton takardar fili, da tafsirin azumi, da finafinan Kano, da waƙoƙin da babu su a ko'ina sai a hannun jama'a. Kuɗin data ya fi ƙarfin mutane da yawa, don haka a Zinder da Maraɗi da Kano tura finafinai da waƙoƙi sana'a ce mai zaman kanta: yaro da kwamfuta a rumfa, ka miƙa kati da 'yan dalolinka, ya cika maka. Wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya lura da irin wannan a Kidal ta ƙasar Mali, ya tattara waƙoƙi daga katunan wayoyin mutane ya fitar da su a 2011, kuma ta nan ne mutanen waje da yawa suka fara jin Mdou Moctar na Nijar.

Sai dai kati ba shi da ƙwari. Zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke haura 40, da ƙurar hunturu, da zare kati ana tsakiyar rubutu, da batirin da ya mutu ba sallama, kowannensu yana iya kawo ranar da waya za ta ce kati ya lalace, ta kuma ba da shawarar a yi masa fomatin. Sai a nufi rumfar mai gyara.

"Sannu da aiki, ɗana. Duba mini wannan, tun jiya ya ƙi nuna komai."

"Inna, ai sai an yi masa fomatin."

"To hotunan fa?"

"Sai haƙuri."

Wannan "sai haƙuri" tana ci mini rai, domin sau da yawa ba ta zama dole ba. Katin da waya ta ƙi karantawa galibi bai mutu ba. Abin da ya ɓaci ɗan jadawali ne a farkonsa, hotunan kuwa suna nan kwance. Abin da ke ƙarasa su shi ne ƙoƙarin gyara: a soka shi a wannan waya, a soka a waccan kwamfuta, kowace ta rubuta nata a kai, a yi fomatin, sannan a zuba sababbin finafinai don a faranta wa mai kaya rai. Akwai hanyar da ta fi wannan, ba ta buƙatar ko sisi na sayen manhaja, kuma tana cikin Linux tun shekaru fiye da 30. Amma kafin a kai gare ta sai an fahimci abin da kwamfuta take nufi da faifai.

A tsakiyar babbar manhajar kowace kwamfuta akwai ɓangaren da ake kira kanel. Shi kaɗai ke taɓa ƙarfe. Manhajar kallon hoto ba ta taɓa magana da kati kai tsaye, sai ta kanel. Baƙon ɗan kasuwar da ya sauka a Zangon Damagaram da raƙumansa daga Agadas ba ya shiga gari neman mai saye da kansa. Fatoma ne ke saukar da shi, ya adana masa kaya, ya san inda kowane ƙunshi yake, mai saye kuma da fatoma yake magana. In ya ce a kawo ƙunshi na goma, babu ruwansa ko daga soro aka ɗauko shi, ko daga ɗakin baya, ko daga gidan maƙwabci. Shi dai ya ga ƙunshi na goma a gabansa. Matsayin kanel ke nan, kuma duk abin da zai biyo baya a babin nan ya rataya ne a kan wannan "babu ruwansa".

A wurin kanel, faifai jerin tubala ne masu lamba, kowane tubali bayit 512. Katin giga 16 yana da tubali kimanin miliyan 31, daga lamba 0 zuwa ƙarshe. Buƙata biyu ake kai wa faifai: karanto mini tubali mai lamba kaza, ko rubuta wannan a tubali mai lamba kaza. Sunan fayil, da fulda, da kwanan wata, duk ba aikin faifai ba ne. Wani tsari ne da aka shimfiɗa a kan tubalan daga baya. To tunda haka ne, duk abin da zai iya amsa buƙatun nan biyu ya isa a kira shi faifai, ko da babu ƙarfe ko ɗaya a bayansa. Shi ne faifan kwaikwayo.

Linux ya gaji wata al'ada daga Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a Bell Labs ta Amurka a 1969: kowace na'ura ana ba ta suna kamar fayil. Faifan kwamfuta ya zama /dev/sda, kati ya zama /dev/sdb ko /dev/mmcblk0, a buɗe su, a karanta, a rubuta, a rufe. Amma akwai maganar da ba karatu ba ce ba kuma rubutu ba, kamar ka tambayi faifai girmansa, ko ka hana shi karɓar rubutu. Domin irin wannan aka buɗe wata ƙofa mai suna ioctl, wadda ta bayyana a Unix bugu na 7 a 1979. Manhaja ta miƙa abu 3: na'urar da take nufi, lambar umarni, da ɗan ƙunshin bayani. Masu rubuta manhaja sun daɗe suna ƙorafi cewa ƙofar nan ba ta da tsari, kowa na cusa abin da ya ga dama ta cikinta, kuma da gaskiyarsu. Duk da haka ta nan ake sarrafa mafi yawan faifan kwaikwayo har yau.

A 1993, shekara 2 bayan Linus Torvalds ya fitar da Linux yana ɗalibi a Helsinki, Theodore Ts'o ya rubuta ɗan ɓangaren kanel da ake kira loop. Aikinsa ɗaya tak: ka ba shi fayil, ya fito da shi a matsayin faifai. In aka nemi tubali na 1000, sai ya ninka 1000 da 512, ya je daidai wannan wuri a cikin fayil, ya ɗebo bayit 512, ya miƙa. Wanda ya nema ba zai taɓa gane bambanci ba. Da farko guda 8 ake tanada, daga loop0 zuwa loop7, mai neman ɗaya sai ya bi su yana gwadawa har ya dace da wanda ba kowa. A 2011, da Linux 3.1, aka ƙara wata ƙofa ta musamman, /dev/loop-control, mai amsa umarni 3: ba ni lambar wanda ba a amfani da shi, ƙirƙiro sabo, cire wancan. Manhaja sai ta fara tambayar lamba da LOOP_CTL_GET_FREE, kanel ya ce mata 4 misali, ta buɗe /dev/loop4, ta buɗe fayil ɗinta, ta haɗa su da wani umarnin. Tsakanin tambaya da haɗawa akwai ɗan lokaci, kuma wata manhajar tana iya riga ta kama loop4. In haka ta faru kanel zai ce an riga an shiga, sai a koma a sake tambaya. Manhajar da ba ta yi tanadin wannan ba tana iya shekara tana aiki lafiya, ranar da aiki ya yi yawa ta faɗi.

Akwai kuma wata matsala da ta daɗe. Umarni ɗaya ne ke haɗa fayil da faifai, wani daban ne ke faɗin daga ina za a fara da kuma inda za a tsaya. A tsakaninsu faifan ya riga ya bayyana, sauran manhajoji sun fara leƙa shi, alhali ba a gama shirya shi ba. Sai a 2020, a Linux 5.8, wani injiniyan Android a kamfanin Google, Martijn Coenen, ya kawo LOOP_CONFIGURE, wanda ke yin komai a kira ɗaya. Dalilin da ya sa mutumin Android ne ya damu da wannan zai fito nan gaba.

Yanzu mu koma kan teburin mai gyara, mu ga abin da ido. Ba sai ya goge Windows daga kwamfutarsa ba. Ya sa Ubuntu a filashi ya tashi kwamfutar daga nan. Shi kansa Ubuntun da ke tashi daga filashi, ta hanyar loop yake buɗe babban fayil ɗin da ya ƙunshi tsarinsa. Ya kashe saitin da ke buɗe kati da kansa da zarar an soka shi. Ya ɗan goge haƙoran katin da ƙyalle mai tsabta, ya sa shi a na'urar karanta kati. Daga nan ba zai buɗe ko fulda ɗaya ba. Aikin farko shi ne kwafe katin gaba ɗaya, tubali bayan tubali, daga 0 zuwa ƙarshe, har da wuraren da ake ganin babu komai, zuwa fayil ɗaya a faifan kwamfuta.

Manhajar da ta fi dacewa da wannan ita ce ddrescue, wadda Antonio Diaz Diaz ya fitar a 2004. Hikimarta tana cikin tsarin tafiyarta. Ba ta tsayawa jayayya da tubalin da ya ƙi karantuwa. Tsallake shi take yi ta kwashe duk mai lafiya tukuna, domin katin da ya fara ciwo ba a san yawan karatun da ya rage masa ba. Sai ta gama sannan ta dawo wuraren da ta tsallake, tana matsowa daga gefe da gefe, tana ƙwato abin da za ta iya. Tana kuma rubuta taswira a wani ɗan fayil: nan an karanta, nan ya ƙi, nan ba a kai ba. Wannan taswira, a garin da wuta ke ɗaukewa ba sanarwa, ta fi komai. Zinder da Maraɗi sun daɗe suna dogaro da wutar da ke zuwa daga Najeriya, kuma mutane ba su manta da watannin da suka biyo bayan Agustan 2023 ba, lokacin da aka yanke ta bayan juyin mulkin Yamai. In wuta ta ɗauke batirin kwamfuta ya ƙare a tsakiyar aiki, gobe sai a sake ba da umarnin, ddrescue ta duba taswira ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Da an gama, a zare katin, a naɗe shi a takarda, a ajiye. Ba za a sake taɓa shi ba. Abin da ya rage a hannu fayil ne mai girman katin, a ce sunansa kati.img, kuma layi ɗaya ne zai mai da shi faifai:

losetup --find --show --read-only --partscan kati.img

Kalma ta farko sunan manhajar ce. Sauran suna cewa a nemo loop da ba kowa, a faɗi sunansa, a hana rubutu, a kuma duba ko faifan yana da sassa. A ƙarƙashi, maganar nan ta ioctl ce ke gudana. Allon zai amsa da /dev/loop4 ko makamancinsa, kuma in jadawalin sassa na nan lafiya, sai /dev/loop4p1 ya bayyana a gefensa. Hana rubutun nan kanel ne da kansa ke tsare shi. Ko mai gyara ya yi kuskure, ko wata manhaja ta yi karambani, umarnin rubutu zai dawo da ƙi.

Sau da yawa jadawalin sassan ne ya ɓaci, wato tubali na 0. To ba a rasa hanya ba. Katunan da ke tsakanin giga 4 zuwa 32 galibi sashensu yana farawa a tubali na 8192, wato bayit 4,194,304 daga farko. Sai a gaya wa loop ya ɗauki wannan wuri a matsayin farkon faifai, ya manta da abin da ke gabansa. Katunan nan da tsarin FAT32 na Microsoft suke zuwa, wanda ya fito a 1996, kuma masu tsara shi sun yi tanadi: tubalin farko na sashe yana da kwafi a tubali na 6, jadawalin da ke nuna inda kowane fayil yake shi ma biyu ne. TestDisk, ta Bafaranshe Christophe Grenier, ta san duk waɗannan wurare. In kuwa jadawalin ya tafi kwata-kwata, 'yar'uwarta PhotoRec ba ta ma neman sa. Bin tubala take yi ɗaya bayan ɗaya tana neman alama: kowane hoton JPEG da bayit FF D8 FF yake farawa, bidiyo da murya su ma suna da nasu. Sunayen fayil ba sa dawowa, sai lambobi, amma fuskoki suna dawowa. Ko katin da aka riga aka yi wa fomatin na gaggawa yana iya ba da abu mai yawa, muddin ba a zuba sabon abu a kai ba, kuma na'urar da ta yi fomatin ba ta tura wa katin umarnin gogewa na gaske ba, domin wasu suna turawa.

Wani lokaci gyara sai da rubutu. Ana so a mayar da tubalin farko daga kwafinsa, ko a saki manhajar gyaran jadawali ta yi aikinta, amma ba a so a ɓata kwafin da aka sha wuya kafin a samu, kuma faifan kwamfutar ba shi da wurin kwafi na biyu. A nan ne babban yayan loop ke shigowa, wato device mapper, wanda injiniyoyin kamfanin Sistina suka gina, ya shiga Linux 2.6 a ƙarshen 2003, daidai lokacin da Red Hat ya sayi kamfanin. Shi ba fayil ɗaya yake mayarwa faifai ba. Ɗinka faifai yake yi daga guntaye. Ana ba shi jadawali, kowane layi yana cewa: daga tubali kaza, tsawon tubali kaza, ga wanda zai amsa, ga kuma yadda zai amsa. Wani layin ya ce a ɗauko daga wancan faifai kai tsaye. Wani ya ce a ba da sifili. Wani ya ce a mayar da kuskure da gangan. Ƙofarsa /dev/mapper/control ce, kuma tsarinta ya fi na loop natsuwa: a ƙirƙiri faifai fanko, a loda jadawali a gefe, sannan a ce ya fara aiki. Kowane faifai yana da gurbin jadawali 2, mai aiki da mai jira, don haka ana iya dakatar da shi na ɗan lokaci, a musanya, a sake shi, manhajojin da ke amfani da shi ba su san an yi ba.

Daga cikin masu amsawar akwai snapshot, kuma shi ne abokin mai gyara. Ana ba shi faifai 2: kwafin kati wanda aka hana wa rubutu, da wani ɗan fayil fanko da aka mai da loop. Faifan da ya fito yana karɓar rubutu kamar kowane, sai dai duk abin da aka rubuta ɗan fayil ɗin nan yake tafiya. Karatu kuma, in an taɓa wurin a ɗauko daga sabon, in ba a taɓa ba a ɗauko daga asali. Mai gyara ya gwada dabara ta farko, ta ƙara dagula al'amari, sai ya rushe faifan, ya jefar da ɗan fayil ɗin, ya sake sabo. Sau 10 ma in ya so. Ni a ganina wannan ce babbar kyautar da fasahar nan ta ba mai koyo: damar yin kuskure a kan kayan mutane ba tare da ya cuce su ba.

Mai karatu zai iya ɗauka cewa wannan duk harkar masu kwamfuta ce. To ya duba aljihunsa. Tecno da Itel da Infinix da suka cika Kasuwar Dole, dukkansu na kamfanin Transsion ne na birnin Shenzhen a China, kuma masu Android a cikinsu kanel ɗin Linux ke tafiyar da su. Wayar da ta fito da Android 10 na 2019 ko sama da shi, a cikin daƙiƙun da tambari ke kan allo, tana ƙirƙirar faifan kwaikwayo da yawa. Sassan babbar manhaja suna dunƙule a wani babban sashe mai suna super, device mapper ne ke yanka shi. Wasu ɓangarorin kuma a fayil-fayil suke zuwa, masu suna APEX, don a iya sabunta su ɗai-ɗai, kuma kowanne sai an mai da shi loop kafin waya ta tashi. Dalilin da ya sa Google ya matsa a gyara ƙofar loop ke nan: jinkiri kaɗan a kan kowanne, in aka tara, mai waya zai ji shi. Ƙananan wayoyi masu RAM giga 1 ko 2 kuwa suna numfashi ne da zram, faifan da ke zaune a cikin RAM ɗin kansa yana matse abin da aka ba shi don wuri ya isa. Ya zama cikakken ɓangaren Linux a 2014.

A kan sassan babbar manhajar akwai mai gadi, dm-verity, wanda aka fara yi domin Chrome OS, ya shiga Linux a 2012, ya zo Android 4.4 a 2013, aka tsananta shi daga Android 7 a 2016. Ana raba faifai gida-gida na bayit 4096, a yi wa kowanne hatimin lissafi, a tara hatiman a yi musu nasu hatimin, haka har a kai ga guda ɗaya da kamfani ya sa wa hannu. Duk tubalin da aka karanto sai an gwada shi da hatiminsa kafin a miƙa. In bayit ɗaya ya canja, kanel ya ƙi. Masu filashin waya sun san sakamakon ko da ba su san sunansa ba: wayar da aka taɓa mata manhaja ta tsaya a tambari, ko ta fito da gargaɗin cewa ta gurɓata.

Wanda ya fi shafar Inna da katinta shi ne dm-crypt, mai kulle kowane tubali da mabuɗi kafin ya kai ga ƙarfe. Tun Android 6 na 2015, wayoyi da yawa in aka sa musu sabon kati sukan yi tambaya: a yi amfani da shi a matsayin katin ɗauka, ko a haɗe shi da cikin waya? Mai ƙaramar waya da kullum ke kukan wuri ya cika, zaɓi na biyu zai ɗauka, ko yaron shago ya ɗaukar masa, kuma ba wanda ya yi masa bayani. Daga ranar katin a kulle yake, mabuɗin kuma yana cikin wayar, ba a kan katin ba. In wayar ta faɗa ruwa, ko aka sace ta, ko mai gyara ya mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, katin na nan lafiya ƙalau, ddrescue za ta kwafe shi tas ba kuskure ko ɗaya, amma abin da ke ciki hargitsi ne da babu mai warware shi a Zinder ko a Shenzhen. Saboda haka tambayar farko da ta wajaba a kan mai gyara, kafin ya taɓa waya, ita ce ko katin haɗe yake da ita. Wanda kuma hotunansa suka fi masa wurin sa manhaja daraja, ya bar katinsa a matsayin na ɗauka.

Akwai sauran wuraren da hanyar nan ba ta kai ba, kuma gara a faɗe su. Shi kansa kati akwai 'yar ƙaramar kwamfuta a cikinsa mai karɓar lambar tubali ta yanke shawarar inda za ta ajiye shi, tana juya wurare don kada gefe ɗaya ya riga sauran tsufa. In ita ce ta mutu, kanel ba zai ga komai ba, ko ya ga faifai mai girman sifili, kuma babu abin kwafewa. Jabun kati kuma ta nan ake yin sa: a sa 'yar kwamfutar ta ce giga 64 gare ta alhali 8 ne. Giga 8 na farko su zauna lafiya, abin da ya biyo baya ya zube ko ya hau kan na farko. Sunaye suna nan a jere, a buɗe a ga wayam. Wannan ba a ceto shi, domin tun farko bai taɓa sauka ba. Manhajar f3 a Linux ko H2testw a Windows tana tona asirin irin wannan kati, kuma mai sayar da kati da ke son sunansa ya kamata ya gwada kowane kwali kafin ya baza a tebur.

Fannin bai tsaya ba. Tun 1997 Pavel Machek ya rubuta nbd, mai ɗauko tubala daga wata kwamfutar ta hanyar sadarwa. A 2022, a Linux 6.0, Ming Lei na Red Hat ya kawo ublk, wanda ke barin manhaja ta yau da kullum, a wajen kanel, ta zama ita ce mai amsa buƙatun faifai, ta ƙofar /dev/ublk-control. Ɗalibin kwamfuta a Jami'ar André Salifou yana iya rubuta nasa faifan a yau ba tare da ya taɓa cikin kanel ba, in ya yi kuskure manhajarsa ce za ta faɗi, kwamfutar na tsaye.

Saura magana ɗaya, kuma ba ƙarama ba ce. Cikakken kwafin kati ya ƙunshi komai, har da abin da mai shi ya goge da hannunsa shekara 2 da suka wuce yana zaton ya tafi: hoton da mace ta ɗauka don mijinta kaɗai, takardar asibiti, saƙon murya na rigimar gado. A unguwar da kowa ya san kowa, fitar ɗaya daga cikin waɗannan na iya kashe aure ko ta jawo jini. Mai gyara da ya koyi wannan aiki ya ɗauki amana mai nauyi, kuma goge kati.img bayan an gama bai wadatar ba, tunda mun ga yadda gogaggen fayil ke dawowa. Wanda ya sayi kwamfutar gobe, ko yaron shago da dare, yana iya sakin PhotoRec a kanta.

Maganin yana cikin kayan aikin da muka riga muka gani. Kafin a fara, a ƙirƙiri babban fayil fanko, a sa manhajar cryptsetup ta mai da shi akwati mai kulle bisa tsarin LUKS, wanda Clemens Fruhwirth ya tsara a 2004. Ita da kanta za ta nemi loop, ta ɗora dm-crypt a kansa, ta fito da sabon faifai a ƙarƙashin /dev/mapper. A cikin wannan faifan za a ajiye kwafin kati, da taswirar ddrescue, da ɗan fayil ɗin snapshot, da duk abin da PhotoRec ta tono. Kowane mai kaya da nasa akwatin, da tasa kalmar sirrin. Ainihin mabuɗin yana zaune a ɗan wuri a kan akwatin, ita kalmar sirri buɗe shi kawai take yi. Idan an zuba wa mai kaya hotunansa a sabon katin da aka gwada, ya duba ya gamsu, sai a rushe snapshot, a saki loop da losetup -d, a rufe akwatin, sannan a ba da umarnin cryptsetup erase, wanda ke shafe wurin da mabuɗin yake. Muddin ba a ajiye kwafin kan akwatin a wani wuri ba, abin da ya rage a cikinsa ba ya karantuwa ga kowa, har shi mai gyaran. Umarnin ba ya cin minti ɗaya, don haka ana iya ba da shi mai kaya na tsaye yana kallo, kafin a miƙa masa tsohon katinsa da sabon.